Me ya sa unguwannin masu hali a Amurka suka juya wa Republican baya?

A Amurka, unguwannin masu kuɗi da ke gefen manyan birane sun daɗe suna hannun jam'iyyar Republican. Gundumar Orange ta Kalifoniya ba ta zaɓi ɗan takarar shugaban ƙasa na Democrat ba tun bayan 1936, sai a 2016 da ta bi Hillary Clinton.

Babban dalilin wannan sauyi shi ne karatu. Da yawa daga cikin mazauna unguwannin yanzu likitoci ne, lauyoyi, injiniyoyi da malaman jami'a, waɗanda digiri ya kawo musu arziki. Sun zauna aji ɗaya da baƙi, suna aiki tare da mata, don haka maganar korar ƴan ci-rani ba ta shiga kunnensu. Mai cin abinci da ilimi kuma yana son gwamnati ta kashe kuɗi kan makaranta da lafiya, ko da haraji zai ƙaru.

Wannan ma'auni bai dace da Nijar ba. A zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na 2021, Yamai ta bi Mahamane Ousmane, galibi saboda goyon bayan Hama Amadou, ba don wata aƙida ba. A Dakoro kuwa, abin da ke damun mai ƙuri'a shi ne rijiya, burtali, farashin hatsi da iyakar noma da wata doka ta 1961 ta shata tsakanin manoma da makiyaya. Attajiri da talaka sukan bi ɗan takara guda, in dai ɗan gida ne da ake ganinsa ranar suna da ranar ta'aziyya.