Tsotson nono da hutun mahaifa: darasi daga wata ƴar dabbar Turai

A ƙasashen Turai da Amurka ana kiwon wata ƴar dabba mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, wadda ake kira feret. Danginta ɗaya da bodari. Tun da daɗewa Turawa ke sa ta cikin rami ta koro masu zomo. Ba mu kiwon ta a nan, amma masana sun ga wani abu a jikinta da ya shafi garkenmu da gidajenmu.

A jikin kowace dabba akwai wasu sinadarai da ake kira homon. Su ne ƴan aiken jiki. Suna bin jini, suna kai umurni daga ƙwaƙwalwa zuwa ga nono da mahaifa. Wani na sa a yi nono, wani na sa mace ta nemi namiji.

Macen feret na neman barbara daga watan Maris zuwa Agusta, lokacin da yini ke tsawo a Turai. Ba ta sakin ƙwai sai namiji ya hau ta. In ba ta samu namiji ba, sinadarin neman barbara, wato istirojin, sai ya yi ta taruwa cikin jininta. Yana lalata ɓargo, inda jiki ke yin jini. Daga nan sai ƙarancin jini, har mutuwa. Shi ya sa masu kiwon ta ke kai ta wurin likitan dabbobi.

In ta ɗauki ciki, tana haihuwa bayan kwana 42, sau da yawa ƴaƴa kamar 8. Ana yaye su a sati 6 zuwa 8. Muddin ƴaƴa masu yawa na tsotso, ba ta neman namiji sai kamar sati 2 bayan yaye. Amma in ƴaƴan ba su kai 5 ba, tana iya neman namiji tana cikin shayarwa, nononta kuma ya ragu.

Mene ne dalili? Duk lokacin da ɗa ya kama nono, saƙo na zuwa ƙwaƙwalwa. Ita kuma sai ta ƙara sinadarin yin nono, ta rage wanda ke nunar da ƙwai. Tsotso mai yawa na sa mahaifa ta huta. In tsotso ya yi ƙaranci, hutun ya kan ƙare da wuri.

Haka abin yake ga saniya. Wadda maraƙi ke tsotso dare da rana ta kan daɗe ba ta nemi bijimi ba. In ga yunwar rani, jinkirin sai ya ƙaru. Makiyayin da ke son maraƙi a kan lokaci, sai ya taimaki uwar da dusa, da harawa, da angurya.

Ga ɗiyan Adam ma akwai wannan hutu. A shekarar 1988 masana sun taru a Belajiyo, ƙasar Italiya, suka tabbatar cewa shayarwa na hana ɗaukar ciki ga mata 98 cikin 100, in sharuɗɗa 3 sun cika. Na farko, jariri bai kai wata 6 ba. Na biyu, nono zalla yake sha dare da rana, ba ruwa, ba kunu. Na uku, al'adar uwa ba ta dawo ba.

In ɗaya daga cikinsu ya faɗi, kariya ta faɗi. Nan ne kwanika ke shigowa: ga goyo, ga ciki, uwa ta gaji, yaro ya rame. Don haka mai gida da uwargida, kada mu jira. Tun kafin wata 6 su cika, mu je gidan likita tare, mu tambayi ungozoma hanyar tazarar haihuwa da ta dace da mu. Matambayi ba ya ɓata.