Sadaukar da haƙƙin mallakar rubutu ga jama'a

A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, littafi ko waƙa na zama ƙarƙashin kariya har shekara 70 bayan rasuwar wanda ya rubuta shi. Abubakar Imam ya rasu a 1981, don haka sai ƙarshen 2051 wa'adin kariyar littafinsa Magana Jari Ce zai cika. Waƙoƙin Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, tuni suka zama na kowa.

Amma marubuci na iya yafe haƙƙinsa tun yana raye. A 2009 ƙungiyar Creative Commons ta fitar da wata sanarwa mai suna CC0. Wanda ya sa ta a aikinsa ya amince kowa ya kwafa, ya fassara, ya gyara, har ya sayar, ba sai an nemi izininsa ba. Ta yi kama da waƙafi, domin ba a janye ta.

A ce malami a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta ya rubuta ɗan littafi kan adana wake. Idan ya sadaukar da shi, mai shagon fotokwafi zai buga wa manoma ranar kasuwa, gidan rediyo ya karanta, wani ya mayar da shi ajami don masu karatun allo. Irin wannan ilimi, a ganina, bai kamata ya jira shekara 70 ba.

Sai dai marubuciyar da ke ci da alƙalaminta ta yi tunani sosai, domin wani zai iya buga littafin ya ci riba ba ta samu ko sisi ba. Wanda kuma ya riga ya sayar wa kamfanin ɗab'i haƙƙinsa ba shi da ikon sadaukarwa.