IN GIYAR MOTA TA ƘI FITA DAGA "P"

Duk wanda ya zauna Ikko ko Badun ya san ba abin da ke tayar wa direba hankali kamar motarsa ta mutu a tsakiyar gosulo, na baya suna ta danna masa ham. In mai giyar hannu ce, sai ya sa ta a furi, jama'a su taya shi turawa gefe. Amma in atomatik ce, irin tokumbon da 'yan'uwanmu ke saye yanzu, sau da yawa sandar giya takan kafe a kan "P", ko gezau. A nan ne wasu kan yi ɓarna, su yi ta fizga da ƙarfi, ko su ɗaura igiya a ja motar haka nan.

Dalilin kafewar kuwa shi ne, in an sa giya a "P", wani ɗan ƙarfe ne ke faɗawa tsakanin haƙoran giyabos ya riƙe tayoyin da ke jan motar. Har ila yau akwai wani makulli mai aiki da lantarki wanda ba ya sakin sandar sai an kunna mota an taka birki. A Amurka, inda ake kawo tokumbo da yawa, doka ta wajabta shi tun 2010. Saboda haka in batir ya mutu, ko fiyus ya ƙone, ko ɗan makunnin fitilar birki ya lalace, sandar ba za ta motsa ba.

To, ga yadda za ka yi. Da farko ja birkin hannu sosai, in kan gangara ne a sa wa taya dutse. Murɗa mabuɗi don sitiyari ya saki. Sa'an nan duba kusa da sandar giya, a yawancin motoci irin su Corolla da Camry za ka ga wani ɗan murfi. Ɓalle shi da sukudireba, ka zura ta cikin ramin ka danna ƙasa, ƙafarka tana kan birki, ka ja sandar zuwa "N", watau furi. In gangara ce ta danne ɗan ƙarfen nan, a ɗan tura motar sama kaɗan, zai saki. Sababbin motoci masu giyar dannawa galibi ba su da wannan rami, nasu sai a jona batir, ko a duba littafin motar.

Sai dai shiga furi bai ba ka izinin jan ta daga Agege har Shagamu ba. In inji ba ya aiki, famfon man giya ma ba ya aiki, tafiya mai nisa za ta cinye giyabos, kuɗin gyaransa kuwa ya ninka na janwe sau da yawa. A tura ta gefen hanya kawai, a tuna kuma birki da sitiyari za su yi nauyi. Daga nan a kira janwe ya ɗaga tayoyin da ke jan motar, ko ya ɗora ta gaba ɗaya.

Shawararmu ita ce, yau ɗin nan ka nemi inda ramin yake a motarka, ka ajiye sukudireba a ciki. Allah Ya kiyaye hanya.