Daga Ƙofar Nasarawa Zuwa Bakin Teku A Kan Keke

A cikin birnin Kano keke ya zama abin hawan ɗan makaranta da mai tallan burodi. Matashi in ya sami ɗan rufin asiri, babur yake nema. Amma dattawan ikkilisiya ba su manta da zamanin da Rali take kayan alfarma ba, lokacin da mai bishara kan ɗaura tabarma da Littafi Mai Tsarki a kariya, ya yini yana zaga ƙauyuka.

To, jama'a, keken nan da muka raina har yanzu yana cin ƙasa. A shekarar 2023 wani ɗalibi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya rasa kuɗin jirgi zuwa Jami'ar Azhar ta Masar, sai ya hau keke. Ya ratsa Mali, Burkina Faso, Togo, Benin da Nijar har Chadi, kimanin kilomita 4,000 cikin wata huɗu. Sau uku ana tsare shi a hanya ba da laifin komai ba. A Chadi ne mutanen kirki suka haɗa masa kuɗin jirgi, jami'ar kuma ta ba shi gurbin karatu kyauta. Musulmi ne, amma ina ganin samarinmu na majami'a suna da abin koyi a wurinsa.

Wanda yake son gwada ƙafarsa ba sai ya shiga hamada ba. Akwai hanyar bakin teku, daga Ikko zuwa Elmina ta ƙasar Gana, kimanin kilomita 600. Mai yin kilomita 80 a yini zai kai cikin kwana takwas. Zangon farko shi ne Badagiri, inda Thomas Birch Freeman ya yi wa'azi a gindin wata bishiya a 1842, kuma benen da 'yan mishan suka gina a 1845 yana nan tsaye. Daga nan sai iyakar Seme, sai Kwatano, sai Wida, inda aka kafa ƙofar tunawa da bayin da aka loda a jiragen ruwa ba su komo ba. Gaɓar Togo ba ta kai kilomita 60 ba. Mutum ya karya kumallo a Benin, ya ci abincin dare a Aflao ta Gana. Bishiyoyin kwakwa a jere, teku tana ruri a hannun hagu, masunta suna jan koma da waƙa. A Elmina kuwa akwai ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, da ɗakunan duhu inda aka tsare 'yan Adam kamar dabbobi, da ɗakin sujada a cikin harabar. Wannan wuri ne da ya kamata Kirista ya tsaya ya yi shiru.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan hanya. Tun zamanin da fatake suke barin Kasuwar Kurmi da jakuna zuwa Gwanja neman goro, 'yan'uwanmu suka bazu har gaɓar teku. Akwai zango a Kwatano da Lome, akwai Sabon Zango a Ankara. Ka yi sallama da Hausa, za a nuna maka mai shayi da wurin kwana.

Sai dai fa tafiyar ba wasan yara ba ce. Iskar teku daga kudu maso yamma take busowa, wato mai nufin Gana da ita zai yi ta kokawa. Gishirin da ke cikinta yana cin sarƙa da waya, dole a riƙa shafa mai kullum. Damina tana da ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, manyan motoci kuma ba sa tausayin mai keke. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yafe wa ɗan Nijeriya biza, amma a tafi da fasfo da katin allurar shawara, a kuma shirya wa canjin kuɗi sau biyu, daga naira zuwa sefa, daga sefa zuwa sidi. Kada a manta da famfo, faci da sifana.

Shawarata ga ƙungiyoyin matasa, kada kowa ya tafi shi kaɗai, kada kuma a tashi ba da sanin iyaye da fasto ba. A fara gwaji da Kano zuwa Wusasa tukuna. Wanda ya kai Zariya bai nemi mota ba, shi za a rubuta sunansa.