Tsohon Doki A Fagen Sukuwa: 'Yan Tseren Mita 100 Da Suka Ƙi Ajiye Takalmi

Daga Wakilinmu

A ƙarshen watan Yuni na shekarar 2012, a birnin Helsinki na ƙasar Finland, wata mace 'yar shekara 52 ta karɓi sanda daga hannun abokiyar gudunta, ta sheƙa zuwa layin ƙarshe a tseren miƙa sanda na gasar zakarun Turai. Galibin matan da suke gudu a gefenta ta isa ta haife su. Ƙungiyarta ba ta kai zagayen ƙarshe ba, amma duk wanda ya san sha'anin guje-guje ya san ba a saba ganin irin wannan ba. Sunan matar Merlene Ottey, haifaffiyar ƙasar Jamaika, wadda a lokacin take yi wa ƙasar Sulobeniya gudu.

Abin da aka sani tun da can shi ne tseren gajeren zango, watau mita 100 da mita 200, wasan samari ne da 'yan mata. Usain Bolt yana ɗan shekara 22 ya kafa tarihin sakan 9.58 a birnin Berlin cikin 2009, kuma yana ɗan shekara 30 ya yi tserensa na ƙarshe cikin 2017. Saboda haka da zarar ɗan tsere ya haura talatin, sai a fara tambayarsa yaushe zai huta. To amma akwai waɗanda suka ƙi hutun, kuma labarinsu ya nuna cewa sauri ba ya barin ƙafa da wuri kamar yadda ake zato.

Labarin Ottey

An haifi Ottey cikin 1960. Ta fara halartar wasannin Olamfik a Mosko cikin 1980, inda ta sami lambar tagulla a mita 200, daga nan kuma ta halarci wasannin har sau bakwai. Cikin 1996 a Atlanta, ita da Gail Devers ta Amurka suka iso layi tare a sakan 10.94, sai da alƙalai suka duba hoto kafin su ba Devers zinariya. A mita 200 na wannan shekara kuma Ottey ta zo ta biyu, 'yar Nijeriya Mary Onyali ta bi mata baya ta ɗauki tagulla. Bayan 'yan makwanni, a birnin Milan, Ottey ta yi gudun da ya fi kowanne sauri a rayuwarta, sakan 10.74, tana da shekara 36.

Sai dai daɗewa a fage ba ta zuwa kyauta. Cikin 2000, tana 'yar shekara 40, ta zo ta huɗu a gasar share fage ta ƙasarta, amma duk da haka hukumar wasanni ta ba ta gurbi a tseren mita 100 na Olamfik ɗin Sydney, aka cire wata matashiya. Waɗansu 'yan wasan Jamaika suka yi zanga-zanga a masaukin 'yan wasa, suna ganin ta tare wa na baya hanya. A tseren kansa ta zo ta huɗu, sai daga baya, da aka ƙwace lambar Marion Jones ta Amurka saboda amfani da haramtattun magungunan ƙara kuzari, aka ba Ottey tagulla. Ta zama 'yar Sulobeniya cikin 2002, kuma a Athens cikin 2004 ta kai zagayen kusa da na ƙarshe tana da shekara 44.

Ba ita kaɗai ba ce. Linford Christie na Ingila ya ci zinariyar Olamfik a mita 100 cikin 1992 yana ɗan shekara 32. Mary Onyali ta lashe mita 100 a wasannin Afirka da aka yi a Abuja cikin 2003 tana da shekara 35. Shi kuwa Kim Collins na tsibirin Saint Kitts, sakan 10.07 ya yi lokacin da ya zama zakaran duniya cikin 2003, amma cikin 2016, a garin Bottrop na Jamus, ya yi sakan 9.93 yana ɗan shekara 40. Shi ne mutum na farko da ya yi ƙasa da sakan goma a wannan shekaru.

Abin da tsufa ke ɗauka

Saurin ɗan tsere ya dogara ne a kan abu biyu: yawan takun da yake yi cikin sakan guda, da kuma tazarar kowane taku. Bolt, alal misali, taku 41 kacal ya yi ya gama mita 100 a Berlin. Masana a Jami'ar Jyväskylä ta Finland, waɗanda suka auna gudun dattawan 'yan tsere, sun gano cewa abin da ya fi raguwa da shekaru shi ne tazarar takun. Ƙafar dattijo tana juyawa da sauri kusan kamar da, amma tana daɗewa a ƙasa kafin ta tashi, kuma ba ta cilla shi nesa.

Dalili kuwa yana cikin tsoka. Tsokar ɗan Adam iri biyu ce: akwai mai jure wahala wadda ake doguwar tafiya da ita, akwai kuma mai fizga wadda ake zabura da tsalle da ita. Ta biyun ce tsufa ke fara ci, kuma ta fi saurin ƙanƙancewa idan ba a sa ta aiki. Tafiya a ƙasa da sassarfa ba sa tashinta sosai. Gudu mai ƙarfi da ɗaga ƙarfe su ne abincinta. Ban da wannan, jijiyoyi suna rage danƙo, shi ya sa tsagewar tsokar bayan cinya da ciwon jijiyar agara suka fi addabar manyan 'yan tsere. Raunin da saurayi zai warke cikin ɗan lokaci yakan zaunar da dattijo wata da watanni.

Saboda haka waɗanda suka daɗe a fage sukan sake tsarin horonsu. Sukan daɗe suna ɗumama jiki kafin su fara, su rage yawan ranakun gudu mai tsanani, su ƙara ranakun hutu, sa'an nan su riƙe ɗaga ƙarfe da muhimmanci. Tsohon doki mai wayo ne, in ji Hausawa, ba ya ɓata ƙarfinsa inda ba a bukata.

Fagen mazan jiya

Ba sai mutum ya zama zakara ba kafin ya sami fage. Cikin 1975 aka yi gasar duniya ta farko ta dattawan 'yan guje-guje a birnin Toronto na Kanada, cikin 1977 kuma aka kafa ƙungiyarsu ta duniya a Gothenburg ta ƙasar Suwidin. Ana shiga daga shekara 35, kuma an kasa masu gudu rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar, domin ɗan 62 ya kara da tsaransa, ba da ɗan cikinsa ba.

A irin waɗannan fagage an ga abin al'ajabi. Cikin 2015 wani tsoho ɗan Japan, Hidekichi Miyazaki, ya gama mita 100 cikin sakan 42.22 yana da shekara 105. Cikin 2017 Man Kaur ta Indiya ta gama nata a birnin Auckland tana da shekara 101. Julia Hawkins ta Amurka, wadda sai da ta kai shekara ɗari ta fara tsere, ta yi gudun mita 100 cikin 2021 tana 'yar shekara 105, ta rasu cikin 2024.

To, jama'a, ina namu? A nan ƙasar, yaron da ya yi suna a ranar wasannin makaranta, da ya karɓi takardar kama aiki sai ya rataye takalmi, ya koma daga kujerar ofis zuwa ta mota. Bayan shekara ashirin sai a gayyace shi tseren iyaye da malamai, ya naɗe wando ya zabura ba shiri, a ɗauko shi riƙe da cinya. Laifin ba na shekaru ba ne kaɗai, na shekara ashirin ɗin da tsoka ta yi tana barci ne.

Ma'aikacin da yake so ya koma fili, ya fara zuwa asibiti a auna jininsa da zuciyarsa, ya yi watanni yana sassarfa da ƙarfafa ƙafa kafin ya gwada cikakken gudu. Ɗalibi kuma ya lura cewa Ottey da Collins ba su taɓa yin doguwar ajiya ba, shi ya sa suka kai arba'in da saurinsu. Riƙe abin da ke hannu ya fi nemansa bayan ya kuɓuce sauƙi.