Ƙararrawar Hayaƙi A Ƙasar Hunturu

Abin da na ke so in yi bayani a kansa wata 'yar na'ura ce fara, kewayayya, wadda girmanta bai wuce na murfin kwanon miya ba. A kan manna ta a rufin ɗaki daga ciki, a ja mata waya daga wutar lantarkin gida. Aikinta guda ɗaya ne tak: in ta ji hayaƙi sai ta ƙwalla ƙara, har mai barci ya farka. Tun da ba ta da suna a Hausa tukuna, bari mu kira ta ƙararrawar hayaƙi.

Wani zai ce, me ya sa mutum mai hanci zai sayi abin da zai sansano masa hayaƙi? Dalili shi ne hanci ma barci ya ke yi. Mutum in ya yi nisa cikin barci wari ba ya tashe shi, amma ƙara tana tashe shi. Sa'an nan kuma yawancin waɗanda gobara ta ke kashewa cikin ɗaki ba harshen wuta ne ya ke fara cim musu ba, hayaƙi ne. Ya kan sa mai barci ya ƙara nutsewa, har ya zarce. Kakanninmu da su ke kwana bisa tabarma da gadon kara sun fi mu samun sarari ta wannan wajen, domin katifar soso da kujerun kushin da labulen roba su kan kama da sauri, hayaƙinsu kuwa baƙi ne wuluk, mai guba. A Amurka an gwada a 1975 aka ga mutanen gida suna da wajen minti 17 na tsira bayan ƙararrawa ta yi kuka. Da aka sake gwadawa da kayan ɗaki irin na zamani, rahoton da ya fito a 2004 ya nuna lokacin ya koma wajen minti 3. Minti 3 kuwa ko tukunyar shayi ba ta tafasa ba.

Ba sai mun je Amurka neman misali ba. A watan Nuwamba na 2015 'yan mata 7 suka rasu a gobarar ɗakin kwana na makarantar 'yan mata da ke Jogana, kusa da Kano. A watan Fabrairu na 2025 wuta ta tashi cikin dare a wata makarantar allo a Ƙaurar Namoda, almajirai 17 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Mu da za mu fita daga kwalejin nan a ba mu amanar 'ya'yan mutane a Yusufari ko Nguru ko Gashuwa, waɗansunmu har a ɗakunan kwana, gemun ɗan'uwanmu ne ya kama wuta, sai mu shafa wa namu ruwa.

Asalin na'urar nan daga ƙasar Suwizalan ya ke. Cikin shekarun 1930 wani masani, Walter Jaeger, yana ƙoƙarin ƙera abin da zai gane iska mai guba, abin ya ƙi. Da ya kunna taba don huce haushi, sai ya ga allurar ma'auninsa ta motsa. Ashe abin da ya ƙera hayaƙi ya ke ji. Amma irin ta farko babba ce mai tsada, sai masana'antu. Sai a 1965 wani Ba'amurke, Duane Pearsall, ya fito da ƙarama mai aiki da batir wadda gida zai iya saye.

Iri biyu ne a kasuwa. Ta ɗaya tana da ɗan ƙwayar wani sinadari, ana ce da shi amerisiyam, wanda ke sa wata 'yar wuta ta riƙa ratsa iskar da ke cikin na'urar. In hayaƙi ya shiga sai ya tare hanyar, ƙararrawa ta tashi. Wannan ta fi saurin jin wuta mai harshe, amma ko ƙaurin tuya ya kan sa ta kuka. Ta biyu da haske ta ke aiki. Kun san yadda in rana ta shigo ta ƙofar taga cikin ɗaki mai duhu, ba a ganin hasken sai an yi shara ƙura ta tashi? To, haka cikinta ya ke. Akwai ɗan haske da ke wucewa ta gefen wani ido, ba ya taɓa shi. Da hayaƙi ya shiga sai hasken ya watsu, ya faɗa wa idon, sai ƙara. Wannan ta fi jin wutar da ke ci a ɓoye, irin ta katifa da kyandir ya faɗa wa, ko waya da ke narkewa a bayan sif. A ganina ita ta fi dacewa da ɗakin kwana, domin gobarar dare a ɓoye ta kan fara.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. A Ingila tun 1992 doka ta ce kowane sabon gida sai an sa masa ƙararrawa mai haɗe da wutar lantarki. Dalilinsu mai kyau ne. Sun lura mutane su kan cire batir su sa a rediyo, ko ya mutu su manta. Ƙungiyar kiyaye gobara ta Amurka ta lissafa cewa kusan 3 cikin 5 na masu mutuwa a gobarar gida, a gidajen da ba ƙararrawa su ke mutuwa, ko kuwa akwai ta amma ba ta aiki. Saboda haka aka ce a haɗa ta da wutar gida, a bar batir a ciki don ranar da wuta ta ɗauke. Amma fa su can ɗaukewar wuta baƙuwa ce, mu kuwa 'yar gida ce. Kowa ya tuna ƙarshen watan Oktoba na 2024, sa'ad da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Watau abin da Bature ya ajiye don ko-ta-kwana, a wurinmu shi ne mai aikin kullum. Kuma daren da ba wuta shi ne daren kyandir da fitilar ƙwai da janareta, daren da aka fi bukatar ƙararrawa ke nan. Hakanan lokacin da aka maido wuta da ƙarfi cikin tsakar dare, ga dutsen guga ko hita an bari a jone.

Don haka wanda zai saya, batir zai fara tambaya, ba waya ba. Akwai mai batir na bolt 9 da a ke cirewa a sake. Wannan a wurinmu ba zai kai lokacin da aka rubuta a kwali ba. Akwai mai batir a rufe wanda ke cika kansa duk sa'ad da wuta ta zo, wannan ta fi, muddin wutar tana zuwa. Mai wutar da ba ta da batir ko kaɗan kuwa, kada ma a ɗauka ko kyauta ce. Gidan da ba a ja masa wuta ba, ko ƙauyen da turakun lantarki ba su kai ba, kamar masu yawa a cikin rairayin arewacin Yusufari, kada su ce abin ba nasu ba ne. Akwai wadda ba ta bukatar waya sam, an rufe mata batir mai shekara 10. Ni dai, a gidan da wuta ta fi ɗaukewa bisa ga zuwa, ita zan zaɓa.

To, in haka ne ina amfanin mai waya? Amfaninta babba shi ne haɗi. Ban da wayoyin wuta biyu, akwai ta uku wadda ke haɗa wannan ƙararrawa da waccan, in ɗaya ta ji hayaƙi duka su ɗauka tare. Wannan ya fi mana amfani bisa ga Turawa ma. Gidansu dunƙule ya ke, ɗakuna suna buɗewa cikin lungu ɗaya, shi ya sa littafin da ke cikin kwali ya kan ce a sa ta a lungun. Gidanmu kuwa ga zaure, ga turakar maigida, ga ɗakunan mata, ga shagon samari, kowanne da ƙofarsa a tsakar gida. Hayaƙin ɗakin yara ba zai bi ta sararin Allah ya je turaka ba. Saboda haka a wurinmu cikin kowane ɗakin da a ke kwana za a sa, a haɗa su. Yanzu ma akwai masu haɗuwa ba waya, kamar rediyo, ga wanda ba ya son fasa bango.

Sa ta aikin mai gyaran wuta ne, ba na ɗalibi da wuƙa ba. Amma ya kamata mai gida ya san abin da zai tsaya a kai. A duba jikinta a ga an rubuta bolt 220 zuwa 240, domin waɗanda a ke kawowa daga Amurka cikin kayan gwanjo na bolt 120 ne, wutarmu za ta ƙone su. A duba ranar da aka ƙera ta, don bayan shekara 10 idonta ya dushe, sai a sake sabuwa. A kashe wuta daga babban makunni kafin a taɓa waya, a kuma tabbata janareta da sola ba su shigowa ta baya. A ɗauko wutarta daga layin fitilu, amma kafin makunni, don kada mai kashe fitila ya kashe ta. Masu sola kuwa su tambayi irin inbatarsu, gama masu ƙera ƙararrawa sun yi gargaɗi cewa wutar ƙananan inbata masu araha ta kan lalata ta. In an gama, koriyar fitila za ta kama, alamar wuta na shiga.

Wurinta tsakiyar silin, domin hayaƙi sama ya ke fara tashi. A bar aƙalla ƙafa 1, watau santimita 30, tsakaninta da bango ko ƙwan fitila, don iskar kusurwa ba ta motsi. Kada a sa ta dab da fanka ko taga, iska za ta kore mata hayaƙin. A nisanta ta da murhu kamar ƙafa 10.

Sauran abokan gāba uku, waɗanda mai rubuta littafin kwali bai san su ba. Na fari hunturu. Ƙurar da ke saukowa daga Hamada tun Nuwamba har Fabrairu, wadda ke shiga har cikin akwati, idon na'urar ba ya bambanta ta da hayaƙi. In ta taru sai ƙararrawa ta riƙa kukan ƙarya, ko kuwa ƙofofinta su toshe. Maganin wannan a riƙa share ta da burushi mai laushi kowane mako cikin hunturu, kada a wanke da ruwa, kada a shafa mata fenti. Na biyu zafi. Yawancinsu an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba. A nan kuwa cikin Afrilu da Mayu ko a inuwa a kan wuce haka, balle ƙarƙashin kwanon da ba silin. A irin wannan ɗaki gara a sa ta a bangon ciki, 'yar tazara ƙasa da rufi, da a manna ta jikin kwano. Akwai wata 'yar'uwarta da a ke sa wa a kicin, wadda zafi ta ke ji ba hayaƙi ba, ta kan tashi a wajen digiri 58. Ita ma kada a kusantar da ita da kwano, rana kaɗai ta isa ta sa ta kuka.

Na uku shi ne ya fi wuya, domin ba a faɗa da shi: turaren wuta. Wa zai shiga ɗakin matar Manga ko Babarbariya ya ce a daina kasko? Ga kuma maganin sauro na kunnawa, wanda mutanen bakin fadamar Nguru da kogin Gashuwa ba su rabuwa da shi. In ƙararrawa ta dami uwargida sau biyu sau uku, ranar na huɗu za a same ta cikin kwabad an cire mata batir, shi ke nan kuɗi sun tafi. Saboda haka a sayi mai maɓallin lallashi, wanda in an danna ta kan yi shiru wajen minti 10 sa'an nan ta koma gadi da kanta. A yi turare da yamma, ƙofa a buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta.

Fitar da kaskon nan yana da wani dalili. Gawayi a rufaffen ɗaki, da janareta a zaure ko lungu, suna fid da wata iska mai kisa wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ƙararrawar hayaƙi ba ta jin ta ko kusa. Tana da tata na'urar dabam. Kada wani ya ce tun da ya sa ƙararrawa, bari ya kwana da garwashi don sanyin Janairu.

Gwaji kuwa, a danna maɓallinta sau ɗaya a mako, a saurara a ji dukan na sauran ɗakuna sun amsa. A gwada wata rana da wuta, wata rana ba wuta, ta haka a ke sanin lafiyar batir. In ta fara 'yar tsuwa kamar ɗan tsako wajen sau ɗaya a minti, batir ne ya ke ban kwana, a sake shi a ranar.

Ƙararrawa ba ta kashe wuta, ba ta buɗe ƙofa. In tagogi duk an yi musu ƙarfe saboda ɓarayi, ƙofa kuma an garƙame da kwaɗo, mabuɗi yana aljihun wanda ya tafi hira, to, an tashi yara ne kawai su ga abin da zai same su. Mabuɗi ya kwana a wuri guda da kowa ya sani, kusa da ƙofa. A koya wa yara su fita da rarrafe, don iska mai kyau a ƙasa ta ke, kada su tsaya ɗaukar akwati, su taru a gindin itace guda, malam ya kira suna da rajista. A yi wannan sau ɗaya kowane zango, wani lokaci da dare.

Abu na ƙarshe ya shafi masu kula da ƙananan yara. Ƙarar na'urar nan tana da ƙarfi ƙwarai, har ta kan sa babba ya toshe kunne, amma barcin yaro ya fi ta nauyi. A 2013 masana na Jami'ar Dundee a Sikotlan, tare da 'yan kwana-kwana na Derbyshire a Ingila, sun gwada yara 34 a gidajensu, aka riƙa kunna ƙararrawa suna barci. Yara 27 ba su farka ko sau ɗaya ba. Saboda haka ƙararrawar ɗakin yara lalle a haɗa ta da wata a ɗakin babban da ke kwana kusa, ko uwa, ko malamin tsangaya, ko malamin da ke kula da ɗakin kwana, shi ne zai je ya tashe su da hannu ɗaya bayan ɗaya.