Izinin Koyarwa da Izinin Hukunci: Manyan Digirori a Shari'ar Cocin Katolika

Kalmar nan kanon daga Girkanci ta fito, inda asalinta ke nufin kara ko sandar awo, irin wadda magini ke gwada gini da ita don ya tabbata ya miƙe. Daga nan ma'anarta ta faɗaɗa ta zama ƙa'ida ko mizani. Ita ce Larabawa suka ara suka mayar ƙanun, da ita kuma Cocin Katolika ke kiran kowace doka daga cikin dokokinsa. Jimillar waɗannan dokoki, tare da ilmin fassara su da zartar da su, shi za mu kira shari'ar kanon a cikin wannan maƙala. Abin da muke son bayyanawa shi ne yadda ake zama masani a wannan fanni, da irin digirorin da ake bayarwa, da kuma dalilin da ya sa digirin da ke tsakiya ya fi na ƙoli tasiri a rayuwar mabiya.

Asalin fannin

Tun ƙarnonin farko na Kiristanci ake tara hukunce-hukuncen majalisun limamai da wasiƙun Fafaroma, amma ba su zama fannin jami'a ba sai a ƙarni na 12, a birnin Bolonya na Italiya. Wajen shekara ta 1140 wani malami mai suna Gratiyan ya haɗa littafin da aka fi sani da Decretum. Cikakken sunansa da Latin yana nufin daidaita ƙa'idoji masu saɓani, kuma aikin da ya yi ke nan: ya kawo mas'ala, ya jero nassoshin da suka goyi bayan wannan ra'ayi da na wancan, sa'an nan ya nuna ko dai saɓanin na lafazi ne kurum, ko ɗaya ta shafe ɗaya, ko kowace da muhallinta. Wanda ya karanci usulul fiƙihu ba zai ji wannan hanya baƙuwa ba. A 1234 Fafaroma Giregori na 9 ya ƙara wani tarin hukunce-hukunce, waɗanda Raymond na Penyafot ya tsara masa, aka ci gaba da karantar da su tare da littafin Gratiyan ɗaruruwan shekaru.

A jami'o'in wancan zamani shari'a iri biyu ake karantawa, ta Rumawa da ta coci, kuma ɗalibi mai himma yakan haɗa su ya zama dakta a shari'o'i biyu. Har yanzu ana ba da wannan digiri a Jami'ar Lateran da ke Rum. A Ingila kuwa, Sarki Henri na 8 ya hana karantar da shari'ar kanon a Oksfod da Kambirij a 1535, bayan ya raba gari da Fafaroma. Duk da haka sawun abin bai ɓace ba, domin harafin L guda biyu da ke cikin LL.B. ɗin lauyoyinmu alamar jam'i ce a Latin, watau "dokoki", kuma galibi ana danganta jam'in da waɗannan shari'o'i biyu.

Dokokin da ake karantawa yau an tsara su ne cikin littafi guda. Na farko ya fito a 1917 da ƙa'idoji 2,414. Wanda ya maye gurbinsa Fafaroma John Paul na 2 ya ƙaddamar da shi ranar 25 ga Janairu, 1983, yana da ƙa'idoji 1,752 cikin kashi bakwai. An sake rubuta kashi na shida, mai magana kan laifuffuka da horo, a 2021. Cocunan Katolika na Gabas, irin su Maroniyawan Labanan, suna da nasu littafin na 1990.

Matakai uku

Ba kowace jami'a ke iya ba da waɗannan digirori ba. Ƙa'ida ta 817 ta ce digiri ba ya da ƙarfi a cikin coci sai in tsangayar da ta bayar Fadar Fafaroma ce ta kafa ta ko ta amince da ita. Tsarin karatun ma daga Rum yake fitowa: an shimfiɗa shi a 1931, aka sabunta a 1979, sa'an nan Fafaroma Faransis ya sa hannu kan wanda ake bi yanzu, Veritatis gaudium, a Disamba 2017.

Mataki na farko shekara biyu ne, kuma shimfiɗa ce kawai ta falsafa da tauhidin Kirista. Limamin da ya gama makarantar horon limamai ya riga ya wuce shi. Amma lauyan da ya zo da digirin shari'ar ƙasa, komai gwanintarsa, sai ya bi ta nan, domin a ganin coci wanda bai san abin da aure ko baftisma ke nufi a aƙida ba, ba zai fahimci dokar da aka gina a kansu ba.

Mataki na biyu shi ne licentia, wanda ake taƙaitawa J.C.L., mu kuma za mu kira shi digirin izini, don ma'anar kalmar ke nan. Sai mai karatu a Nijar ya yi hattara a nan: lisansin jami'o'in Faransanci digiri ne na farko, wannan kuwa na biyu ne. Dā shekara biyu ake yi, amma a 2002 hukumar ilmi ta Fadar Fafaroma ta mayar da shi uku, saboda an ga shekara biyu ba ta isa a ratsa littafin 1983 yadda ya kamata. A cikin zango shidan nan ɗalibi zai bi littafin dokoki kashi-kashi, ya karanci tarihin tushen dokokin, da shari'ar Rumawa, da wani abu na shari'ar ƙasa, da yadda kotuna ke gudanar da ƙara. Yakan rubuta ɗan kundi, ya kuma zauna jarrabawa ta gaba ɗaya kan dukan littafin.

Sunan wannan digiri yana da tarihi. A jami'o'in farko licentia docendi izinin koyarwa ne, kalmar dakta ma asalinta "mai koyarwa". Masani George Makdisi, a littafinsa na 1981 kan tasowar makarantu a duniyar Musulunci da Turai, ya kafa hujja cewa wannan izini daga ijazar koyarwa da fatawa ta malaman fiƙihu aka samo shi. Wasu masana tarihi ba su yarda ba, suna cewa ijaza malami ɗaya ke ba ɗalibinsa, izinin Turai kuwa daga hukuma yake fitowa. A namu ganin wannan bambanci ba ƙarami ba ne, ko da yake kamar da ke tsakanin abubuwan biyu ta isa a tsaya a duba.

Mataki na uku, J.C.D., na bincike ne. Ɗalibi zai rubuta kundi wanda ya ƙara wa ilmi wani abu, ya kare shi a bainar jama'a, kuma ba a ba shi digirin sai ya buga aƙalla babban ɓangarensa. Fafaroma Liyo na 14, wanda aka zaɓa a Mayu 2025, ya bi wannan hanya a Jami'ar Anjelikum da ke Rum: ya sami digirin izini a 1984, da na dakta a 1987, da kundi kan matsayin shugaban gida a ƙungiyar Agustinawa. Daga baya ya riƙe kotun coci a Trujillo ta ƙasar Peru.

Akwai sharaɗi guda da ke ratsa matakan duka, shi ne harshe. An fassara littafin dokoki zuwa harsuna da yawa, amma nassin Latin kaɗai ke da ƙarfin doka, fassara taimako ce kurum. Saboda haka ana bukatar mai digirin izini ya iya karanta littafin da Latin, mai neman dakta kuma ya iya fassara tsofaffin tushe da kansa. Hukunce-hukuncen Rota, babbar kotun ɗaukaka ƙara da ke Rum, waɗanda ƙananan kotuna ke koyi da su, bisa al'ada da Latin ake rubuta su.

Abin da digirin ke buɗewa

Kowace dayosis, watau yankin da ke ƙarƙashin bishop guda, ana son ta kasance da kotu, ko ta haɗa gwiwa da maƙwabtanta su kafa guda. Ƙa'ida ta 1420 ta ce shugaban kotun, wanda ke wakiltar bishop a shari'a, ya zama limami mai shekara 30 aƙalla, dakta a shari'ar kanon ko mai digirin izini. Sharaɗin digirin nan ya hau kan alƙalai a ƙa'ida ta 1421, ya kuma hau kan wani jami'i da ake kira mai kare igiyar aure a ƙa'ida ta 1435. A duk wuraren nan digirin izini ya wadatar. Na dakta sai ga mai son kujerar farfesa a tsangaya, ko mai son zama lauya a gaban Rota.

Mafi yawan aikin waɗannan kotuna ƙarar aure ce. A aƙidar Katolika babu saki: auren da aka ɗaura daidai tsakanin masu baftisma, aka kuma tare, mutuwa kaɗai ke raba shi. Abin da kotu ke bincikawa shi ne ko auren ya ɗauru tun farko. An tilasta wa yarinyar? An ɓoye wani aibi da gangan don a sami amincewarta? Ɗayansu ya shiga da niyyar ba zai haihu ba, ko ba zai tsaya ga mutum ɗaya ba? In an tabbatar da irin wannan, sai a bayyana cewa auren bai inganta ba, kowa ya sami damar yin wani. Aikin mai kare igiyar aure shi ne ya kawo duk hujjar da hankali zai karɓa cewa auren yana nan. A Afirka akwai ƙarin mas'aloli, kamar ta mai mata da yawa da ya karɓi baftisma: ƙa'ida ta 1148 ta ba shi damar riƙe ɗaya daga cikinsu in zama da uwargida ya yi masa wuya, ta kuma ɗora wa hukumar dayosis ta ga an biya bukatun waɗanda aka sallama.

Ke nan inda babu masu digirin izini, babu kotu mai aiki, matar da aka yi wa auren dole kuwa sai ta yi ta jira. Tsangayoyin kuma ba su da yawa. Rum ce cibiya, da jami'o'i irin su Giregoriyan, Lateran, Anjelikum da Urbaniyana. A duk faɗin Amurka tsangaya ɗaya ce, a Jami'ar Katolika da ke Washinton, sai ta Jami'ar Saint Paul a Ottawa ta Kanada. A Afirka ana karanta fannin a Kinshasa, Yawunde, Nairobi da Fatakwal. Bishop ɗin da ke da limamai ƙalilan, in ya tura ɗaya karatun shekara uku, ya bar wata majami'a ba mai kula da ita ke nan, ga kuɗin makaranta.

A 2015 Fafaroma Faransis ya sauƙaƙa ƙarar aure. Ya soke tilascin kotu ta biyu ta tabbatar da hukuncin ta farko, ya buɗe gajeriyar hanya a gaban bishop da kansa in hujja ta fito fili, ya kuma yarda biyu daga cikin alƙalai uku su zama ba limamai ba, maza ko mata, muddin shugabansu ma'aikacin coci ne da aka naɗa. Gyaran ya ƙara bukatar ƙwararru maimakon ya rage ta. Don haka a 2018 aka ba da umarnin kafa gajeren kwas mai difloma kan dokar aure da tsarin ƙara. Sai dai umarnin ya fayyace cewa difloma ba ta kai mutum kujerar alƙali da kanta. Bishop ɗin da ke son naɗa mai ita sai ya rubuta wa Signatura, kotun ƙoli ta Fadar Fafaroma, ya nemi a ɗauke wa mutumin sharaɗin digiri.